Muhawara: Yaya zan sarrafa mitar auna ƙara daga kwamfuta ba tare da na tsaya a kanta ba?

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo da matsala, kuma na san a nan ba za a rasa mai kamo bakin zaren ba. A wani ƙauye nake koyarwa a yankin Auyo. Bana da aka fara yankan shinkafar damina, wani bawan Allah ya kafa injin casa a bayan ajinmu na ƙarshe, tsakaninsa da taga bai fi taku talatin ba. Da zarar ya tayar da inji sai dai in koma rubutu a allo, don yaran bencin baya leɓena kawai suke gani yana motsi. Kullum da murya a dishe nake komawa gida. Ƙanena ya ara mini mitar auna ƙarar sauti, irin mai soso a ka, tana da ramin USB a gefe. To duk lokacin da na fito da ita, yaron injin sai ya hango ni ya rage wuta, jiya ma kashewa ya yi wai bel ya tsinke. So nake in bar ta a cikin ajin, ni kuma ina gida, kamar mita 400 daga makarantar, in riƙa kunna awo ina tsayarwa ina ganin lambobin a kwamfutata. Zai yiwu?

Injiniyan Farm Centre: Wa alaikumus salam Malam. Zai yiwu, amma kafin ka kashe ko sisi mu san wace iri ce a hannunka, don ramin USB ba shi ne ke nuna tana karɓar umarni ba. Akwai wadda take ajiye awo a cikinta kawai, sai ka gama ka jona ka kwashe. Akwai wadda take zubo lambobi cikin kwamfuta ba tsayawa, amma kurma ce, duk abin da ka aika mata ba ta ji. Sannan akwai wadda take ji take amsawa. Ta ukun kake nema. Ka jona ta da laftof, ka shiga Device Manager, ka duba ko wani sabon abu ya ɓullo a ƙarƙashin Ports, kamar COM3 ko COM4. Ka faɗa mini abin da aka rubuta a gefensa.

Malamin Kimiyya: Na jona. Wani abu ya fito da alamar motsin rai ruwan ɗorawa, an rubuta CP2102.

Injiniyan Farm Centre: Madalla, labari mai daɗi ne. Wannan ɗan ƙaramin abu ne na kamfanin Silicon Labs da yake mayar da USB ya zama tsohuwar hanyar siriyal. Alamar da ka gani tana nufin babu direbansa a kwamfutarka, wato 'yar manhajar da take sa kwamfuta ta gane shi. Ka sauke shi daga shafin kamfanin, kyauta ne, kuma ba zai cinye maka data ba. In ya hau, lambar COM za ta fito. Ka rubuta ta a takarda, don in ka canza rami lambar tana iya canzawa, kuma nan ne mutane da yawa suke ɗauka na'urarsu ta lalace.

Sarkin Tsokana: Malam duk wannan wahalar ta mece ce? Ka sauke manhajar auna ƙara a wayarka ka ajiye ta a taga. Ko ka tura monita ya tsaya.

Ɗalibin Wudil: Sarki, waya ba ta wadatarwa. Makirfon waya don magana aka yi shi, kuma kowane kamfani da irin nasa. Ka ajiye wayoyin Android uku a wuri ɗaya, lamba uku za ka samu. Shi ya sa hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, da ta fitar da manhajarta ta auna ƙara, a iPhone kaɗai ta sake ta, saboda su ne makirfonsu bai cika bambanta ba. Kuma wa zai bar wayarsa a tagar aji ta kwana?

Sarkin Tsokana: Wanda ya gaji da ita.

Ɗan Kura Mai Casa: Ni fa tun ɗazu nake karanta ku ina jin ba daɗi. Shekarata goma sha ɗaya ina sana'ar nan. Malam, kafin ka ɗana wa mutum tarko, ka je wurinsa? Mutumin nan bashi ya ci ya sayi inji, wata biyu ko uku ne kakarsa, in shanshera ta ƙare sai zaman jiran ta rani. Matan da suke turara shinkafa a garinku da can ina suke kai casa? Kuɗin mota nawa suke biya zuwa Haɗeja? Yanzu an kawo musu ƙofar gida, kai kuma ka ɗauko na'ura za ka laɓe. Ba na ce babu ƙara ba, ni na fi kowa sanin akwai. Amma laɓe ba halin maƙwabci ba ne.

Malamin Kimiyya: Alhaji, wallahi na je, har sau biyu. Mutumin kirki ne, ɗansa ma yana ajina. Abin da ya ce mini shi ne, “Malam ai ƙarar ba ta kai yadda kake faɗa ba, ni da nake cikinta ban ji komai ba.” To ka ga magana ta zama tawa da tasa. Ba kotu zan kai shi ba. So nake in samu abin da za mu kalla tare, wanda ba bakina ba ne ba kuma bakinsa ba.

Malama Jami'ar Lafiya: Wannan “ban ji komai ba” ɗin shi ne ya fi tayar mini da hankali a duk zancen. A asibitinmu na karkara, masu injin niƙa da na casa sukan zo da ciwon baya ko tari, sai kana yi musu bayanin magani ka lura bakinka suke kallo, suna karkato da kunne ɗaya. In ka tambaya sai su ce da daddare kunnen yana yi musu shuuu kamar ruwa na zuba. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu gashi da suke karɓar sauti, ƙara mai yawa tana kashe su a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, in ta kai 100 minti 15 ne kacal. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura kuwa, in mutum yana tsaye kusa da kai tazarar hannu amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to kun shiga yankin haɗari. Malam, in ka gama auna ajinka, don Allah ka auna inda yaron injin yake tsayawa. Shi ya fi ɗalibanka shiga uku.

Ɗan Kura Mai Casa: Malama kin taɓo ni. Uwargida ta daɗe tana cewa rediyona ya cika ƙara, ni kuma ina cewa ita ce mai kunnen zomo.

Malama Jami'ar Lafiya: Alhaji ka je a gwada maka ji a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, Kano ba ta yi maka nisa ba. Kuma ka saya wa yaranka abin toshe kunne na roba ko na soso. Audugar da suke cusawa kusan ba ta tare komai.

Injiniyan Farm Centre: Mu koma kan waya. Malam, direba ya hau?

Malamin Kimiyya: Ya hau, COM5. Na buɗe manhajar da ta zo da ita a faifai, lambobi suna tafiya, har zane tana yi. Akwai hotunan maɓallai a gefe, na danna wanda aka rubuta A/C, sai na ji mitar ta yi ɗan ƙara ta canza a fuskarta.

Injiniyan Farm Centre: Shi ke nan, taka mai ji ce. Yanzu saura mita 400 ɗin. Kebul ɗin USB ba ya wuce mita 5 lafiya lau, siriyal na RS-232 kamar mita 15, Bluetooth kuwa ko bango biyu ba zai tsallake da kyau ba. Akwai RS-485 da yake kaiwa har mita 1200 a kan waya mai murɗe, sai ka sa abin juyawa a kowane ƙarshe. A takarda yana da kyau. A ƙauye kuwa ka lissafa kuɗin kebul na mita 400, ka lissafa ɓera da gara da akuya da amalanken shanu, sannan in damina ta dawo tsawa ɗaya ta isa ta bi wayar ta ƙone maka komai. Ni ban ba ka shawarar ba. Hanya mafi sauƙi: ka bar mitar da tsohuwar laftof a makaranta, kebul ɗin ya zama gajere, kai kuma daga gida ka shiga cikin laftof ɗin ta intanet da AnyDesk ko TeamViewer. Allonta zai fito a gabanka kamar kana zaune a wurin. Ko da waya ma za ka iya shiga. Ka ga ke nan ba mitar kake sarrafawa daga nesa ba, kwamfutar da take riƙe da ita kake sarrafawa, kuma sakamakon ɗaya ne.

Ɗalibin Wudil: Yallaɓai Injiniya, da girmamawa, ni ina ganin Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, ya fi. Wutar da yake ci kaɗan ce, fawa bank ma zai riƙe shi, ba shi da fanka, kuma da 'yan layukan umarni na yaren kwamfuta Python da pyserial zai riƙa karanta lambar kowace daƙiƙa yana rubutawa a fayil. Mitoci irin wannan yawanci a gudun 9600 suke magana. In kuma ba a san yaren da take yi ba, akwai sigrok, manhaja ce ta kyauta da ta riga ta san yaren wasu mitocin ƙara.

Injiniyan Farm Centre: Ƙanena, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma in ni zan yi wa kaina haka zan yi. Amma Malam yana da laftof a hannu, ba shi da Pi. In abin ya tsaya da ƙarfe biyun dare, kai za ka hau mota daga Wudil ka je Auyo? Kuma tunda ka kawo zancen rubuta umarni, bari in faɗa maka inda za ka yi tuntuɓe. Manyan mitoci, irin XL2 ta kamfanin NTi, umarninsu a rubuce yake kamar magana. Ka aika *IDN? ta faɗa maka sunanta, ka aika INIT START ta fara awo, babu kokwanto. Ƙananan kuwa da yawansu abin da suke karɓa kwaikwayon danna maɓalli ne kawai. Babu “koma A”, sai dai “canza”. In tana A ta koma C, in tana C ta koma A. To in saƙo ɗaya ya ɓace a hanya, ko wani ya taɓa ta da hannu, kana can kana rubuta awon C da sunan A har gari ya waye. Dole ka fara karanta halin da take ciki, ka aika, ka sake karantawa ka tabbatar. Na taɓa zubar da awon kwana biyu a kan wannan.

Malamin Kimiyya: To ku tsaya, ni fa kimiyyar ƙaramar sakandare nake koyarwa. A da C ɗin nan, wanne zan bari?

Ɗalibin Wudil: A, Malam. Shi ne yake kwaikwayon kunnen mutum, yana rage nauyin sauti mai kauri sosai wanda kunne bai cika kamawa ba, kuma duk ƙa'idojin da Malama ta kawo da shi ake auna su. C kusan komai yake ɗauka. Amfaninsa shi ne kwatantawa: in C ya ɗara A da nisa, ƙarar mai kauri ce, irin dum-dum ɗin injin dizal da kake ji a ƙirji. Akwai kuma saitin FAST da SLOW: FAST yana bin sauti cikin kashi ɗaya bisa takwas na daƙiƙa, SLOW kuma daƙiƙa guda. Ga inji mai tafiya bai ɗaya, SLOW ya fi sauƙin karantawa. Zangon awo kuma ka bar shi a AUTO in tana da shi, don kada ka saita 30 zuwa 80 ƙara ta wuce nan ta tsaya tana nuna maka OVER.

Baba Tsohon Hedimasta: Yara, na ga kun yi nisa a waya da lamba, ku bari tsoho ya sa baki. Malam, kafin ka ajiye wani abu mai makirfo a aji ya kwana, ka sanar da shugaban makarantarka, ku je wurin mai unguwa tare. Na yi shekara talatin da 'yan kai a makarantun ƙauye, na san yadda zance yake tashi. Gobe yaro ɗaya zai leƙa ta taga ya ga jar fitila tana ƙiftawa, kafin azahar gari ya ɗauka malamin boko ya kafa na'urar naɗar maganar mutane yana aikawa Dutse. Daga nan ba maganar inji za a yi ba, maganarka za a yi. Ka kuma gaya wa mai injin da bakinka cewa za a auna mako guda, dare da rana. Ba zai iya rage wuta mako guda ba, buhunan mutane suna jiransa. Ka ga ka samu awonka na gaskiya ba tare da laɓen da Alhaji ya ƙi ba.

Ɗan Kura Mai Casa: Allah ya ƙara girma Baba. Da haka aka fara da ban ce uffan ba.

Injiniyan Farm Centre: Kuma ka nuna wa mai unguwa allon da idonsa. Mitar nan lamba kawai take fitarwa, ba ta ajiye murya. Ka sa shi ya yi magana a gabanta ya ga lamba ta hau, ya yi shiru ya ga ta sauka, ka ce masa iyakarta ke nan.

Sarkin Tsokana: To tunda an samu na'ura, a zagaya da ita gari mana. A fara da masu DJ na biki, a biyo ta kan mai tallan maganin gargajiya na ranar kasuwa, a ƙare da lasifikar da ake kwana ana wa'azi da ita alhali mutum biyar ne a zaune.

Baba Tsohon Hedimasta: A cikin wasanka akwai gaskiya. Luƙmanu ma da yake yi wa ɗansa wasiyya ya ce masa ya sassauta muryarsa, yana nan a cikin Alƙur'ani. Amma kowace magana da zaurenta.

Admin: A tsaya a kan tambayar Malam don Allah. Wanda yake son zancen lasifika ya buɗe nasa.

Ɗan Birnin Kudu: Tambaya: doka ta san da wannan kuwa, ko duk wahalar banza ce?

Ɗalibin Wudil: Ta sani. Hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ƙara da ta fitar a 2009, sun raba iyakar rana da ta dare, sun kuma raba unguwar zama da wurin masana'antu. Sai dai in maganar hukuma ce, za a tambayi darajar mitar. Ma'aunin duniya na IEC 61672 ya kasa mitoci aji biyu, Class 1 da Class 2, na farko ya fi daidaito. Za a kuma tambaya ko an saita ta da kalibireta, wato ɗan gwangwanin da ake kifawa a kan makirfo yana fitar da desibel 94 daidai, kafin awo da bayansa. In babu wannan, lambarka ta fahimtar juna ce, ba ta shari'a ba.

Malamin Kimiyya: Class 2 aka rubuta a bayanta. Kalibireta kuma yana wurin aikin ƙanena, ya ce ya saita ta kafin ya ba ni. Fahimtar junan nake nema dama.

Malamin Kimiyya: Barkanmu da safiya. Rahoton daren farko: an yi asara. Mun je wurin mai unguwa kamar yadda Baba ya ce, har ya yi ta gyaran murya a gaban mitar yana dariya. Na haɗa komai bayan la'asar, na kulle aji, na koma gida na shiga ta AnyDesk, ga lambobi suna tafiya, har na kira maiɗakina ta zo ta gani. Ban gama alwalar magariba ba allon ya daskare. Da safe na tarar mitar a kashe, laftof ɗin ma ta yi barci.

Injiniyan Farm Centre: Laifina ne, ban gaya maka ba. Abu biyu ne. Mitar tana kashe kanta in an ɗan jima ba a taɓa ta ba, don tattalin batir. Ka duba takardarta, akwai yadda ake hana ta, a wasu sai ka riƙe wani maɓalli yayin kunnawa, za ka ga 'yar alamar agogo ta ɓace daga fuskarta. In tana da ramin wutar waje ka ba ta ta nan, batirin 9V ba zai kai ka ko'ina ba. Laftof kuma ka shiga saitin wuta, barci ka sa Never, rufe murfi ka sa kada ta yi komai, ka kashe USB selective suspend, ka dakatar da sabuntawar Windows na mako guda don kada ta sake kunna kanta da tsakar dare. A AnyDesk ka saita shiga da kalmar sirri ba sai an amsa daga can ba, in ba haka ba wa zai danna maka “karɓa” a aji kulle? Kalmar kuma mai ƙarfi, kada ka ba kowa. Sannan mafi muhimmanci, ka sa manhajar ta riƙa ajiye awo a cikin laftof ɗin kanta. Sabis ɗin ƙauye zai ɗauke, babu makawa. In ya ɗauke, kallo kawai ka rasa, awo yana nan.

Mai Sola na Ringim: Wutar fa? Kada ka dogara da batirin tsohuwar laftof. In makarantar tana da sola ka ja daga nan, in babu ka nemo batirin mota mai kyau da ƙaramar inbata. Amma ka nisanta inbatar da laftof ɗin daga makirfo iyakar tsawon kebul, don fankarsu tana da nata kukan, da daddare in gari ya yi tsit ita za ka yi ta aunawa. MiFi ɗin da zai ba laftof ɗin intanet kuma ka rataye shi sama kusa da taga.

Ɗalibin Wudil: Ƙari a kan wurin ajiyewa: kada a kwantar da ita a kan tebur ko a manna da bango, sauti yana dawowa daga bango ya ƙara lamba. A ɗaga ta kamar mita 1.2 zuwa 1.5 daga ƙasa, daidai kan yaro a zaune, a tsakiyar aji. Soson kanta kada a cire, yanzu iskar hunturu ta fara, iska tana busa makirfo sai ya karanta ta a matsayin ƙara, ga ƙura. In bazara ta zo kuma a kula, Class 2 daga sifiri zuwa digiri 40 aka yi alkawarin daidaitonta, aji mai rufin kwano a Afrilu yana wuce haka. Wani amfanin sarrafawa daga nesa ma ke nan da ba mu faɗa ba: jikin mai riƙe da mita shi kansa yana canza awo.

Malamin Kimiyya: Ba ni da ƙafar kyamara. Na ɗaure ta da robar tayar keke a jikin sandar moda, na kafa sandar a cikin bokitin yashi.

Injiniyan Farm Centre: Wallahi ya fi wasu da na gani a ofis.

Baba Tsohon Hedimasta: Ka ajiye littafi kuma. Na'urar za ta ce maka ƙarfe kaza an yi ƙara, ba za ta ce maka jaki ne ya yi kuka ko babur ne ya wuce ba. Ka sa monita ya riƙa rubuta lokacin da inji ya tashi da lokacin da ya mutu, da lokacin tara da na tashi. Agogonsa da na kwamfutar su zama ɗaya.

Malamin Kimiyya: Salam. Yau kwana shida, komai yana tafiya, sau ɗaya kawai sabis ya ɗauke kuma awon bai ɓata ba. Na zuba lambobin a Excel na ɗauki matsakaici. Amma abin ya ba ni mamaki, na ranar Laraba 58 ya ba ni, alhali ranar ce na fi shan wahala.

Ɗalibin Wudil: Malam AVERAGE ka yi musu kai tsaye ko? Desibel ba a tara shi a raba kamar makin jarrabawa. Kowane ƙarin 10 ninki goma ne na ƙarfin sauti. Misali awa ɗaya a 60, awa ɗaya a 80, matsakaicinsu ba 70 ba ne, 77 ne, don mai ƙarfin ita take rinjaye. Haka in inji biyu masu 80 suka tashi tare, 83 za ka gani, ba 160 ba. Ka buɗe sabon layi, kowace lamba ka raba ta da 10 ka ɗora abin da ya fito a kan 10 a matsayin ƙarfi, wato =10^(B2/10), ka ɗauki matsakaicin wannan layin, sannan ka yi =10*LOG10 na abin da ya fito. Shi ake kira Leq. Kuma ka ware awannin da inji yake aiki daban, kada ka haɗa su da tsakar dare.

Malamin Kimiyya: Allah ya yi maka albarka, ɗalibi ya koyar da malami. Na gyara. Ranar Asabar da babu yara, aji babu kowa: inji a kashe 43, inji yana aiki 71. Ranar karatu kafin ya tayar, yara da ni kaɗai, muna kaiwa 64, wannan kam ba zan nuna wa mai injin ba.

Malama Jami'ar Lafiya: Ka nuna masa mana, adalci ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 1999 ta ce ƙarar da ke bayan fage a aji kada ta wuce 35. Maganar mutum ta yau da kullum kusan 60 ce a tazarar mita ɗaya. Ka ga a 71 injin ya haɗiye muryarka tun kafin ta isa benci na biyu.

Ɗan Birnin Kudu: 35 kuma? Wannan ai sai ajin Turai mai gilashi. Ajin da tagarsa ba ta da murfi, awaki na wucewa, ko 43 ɗin ma ni'ima ce. A bar zancen 35, a nemi yadda 71 za ta sauko.

Malamin Kimiyya: Shi ne labarin da na zo da shi. Jiya bayan sallar Juma'a na ɗauki wayata na tafi wurin injin, mitar tana can cikin aji a kulle. Na zauna a kan buhun ɓuntu ni da mai injin, na buɗe masa allon. Na ce a tayar. Lamba ta hau yana gani. Na ce a kashe, ta sauko. Ya ce a sake, aka sake har sau uku, yaransa sun zagaye mu. Sai na tuna maganar ɗalibinmu, na danna C daga wayar, ta tsallaka 84. Na ce masa wannan tazarar tana nuna kaurin sauti ne ya yi yawa. Shi da kansa ya ce a cire bel a bar injin dizal ɗin shi kaɗai. Aka cire, na mayar da ita A, na duba na tabbatar ta koma kamar yadda Injiniya ya ce, sai ga 69. Ashe injin casar ba shi ne babban mai laifi ba. Muka zagaya baya, sai ga bututun hayaƙi tsirara, babu salansa, bakinsa ya saiti tagar ajina kamar an auna. Wai ta fashe tun makon farko ya cire ya jefar.

Ɗan Kura Mai Casa: Na rantse tun farko na so in tambayi salansa. Kada ya sayi 'yar ƙarama ta janareta, ba za ta yi mako ba. Ya nemi ta tsohuwar mota babba a wurin 'yan gwangwan, mai walda ya haɗa masa da bututu mai faɗi daidai da na injin ko ya fi, ya lanƙwasa bakin ya kalli gona. In bututun ya matse injin zai riƙa zafi yana rasa ƙarfi. Ɓangaren makarantar kuma ya ja katangar bulo ko ta ƙasa da ta fi injin tsayi, ba langa-langa ba, langa-langa ƙara ruri take yi. Kafin ya samu kuɗin bulo ya jera buhunan ɓuntu, yana da su kyauta, amma nesa da bututun don wuta. Ya duba kusoshin gindin injin ma, in sun saki ya ɗaure ya sa guntun taya a ƙasa.

Malama Jami'ar Lafiya: Wurin tsayuwar yaron fa? Na roƙe ka.

Malamin Kimiyya: Ban manta ba Malama. Da muka gama na ɗauko mitar na riƙe a daidai kunnensa inda yake zuba shanshera, tana yawo tsakanin 96 da 98. Na karanta wa mai injin lissafinki na awanni. Bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallon yaron, ɗan yayarsa ne. Ya ce in tambaya masa inda ake sayar da abin kunnen.

Injiniyan Farm Centre: Masu kayan aikin gini da na walda suna da shi, hula da takalmi da tabarau duk wuri ɗaya ake sayarwa. Zan sa a cikin motar Haɗeja ranar Litinin, guda biyar, ka turo wanda zai karɓa a tasha. Mitar kuma ka mayar da ita wurinta kada ka sake kwance ta, ka yi wa gindin bokitin alama da alli a ƙasa. In an sa salansar a auna a wuri ɗaya, tsayi ɗaya, taga a buɗe kamar da, in ba haka ba ba za mu san abin da ya ragu ba.

Malamin Kimiyya: Na riga na zagaye shi da fenti. Matsalar yanzu ƙanena ya kira, ranar Alhamis yake son mitarsa, mai waldan garinmu kuma ya tafi biki Kafin Hausa. Akwai wanda ya san mai walda a kusa da zai iya zuwa da injinsa kafin Laraba?

Mai Sola na Ringim: Akwai wanda yake yi mini ƙafafun fanel, yana da janareta a amalanke. Duba saƙonka na gefe.